Ruwan Kogin Haɗeja Na Wane Ne?

Jama'a, akwai wata tambaya da shugabanninmu suka shafe shekara hamsin suna kauce mata, kuma a ganina lokaci ya yi da mu ɗalibai za mu shimfiɗa ta a gabansu mu ƙi naɗewa sai sun amsa. Tambayar kuwa ita ce: kogin da ya taso daga wata jiha, ya ratsa ta biyu, ya faɗa ta uku, ruwansa na wane ne? Na wanda ya fara ganinsa ne, ya tara ƙasa da duwatsu ya tare, ko kuwa wanda yake can gangare shi ma yana da rabonsa wanda ba sai ya roƙa ba? Ba zan kai ku Masar da Habasha ba, inda ake ta kai ruwa rana a kan Kogin Nilu. Muna da tamu rigimar a nan gida, tsakanin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno, sai dai ita ba ta da masu yi mata shela, domin waɗanda abin ya fi ci masunta ne da makiyaya da manoman fadama, mutanen da ba su da ɗan jarida ko ɗaya a aljihu.

Bari mu fara bin kogin da ƙafa, domin da yawa daga cikinmu mun haye gadar Wudil sau ɗari ba mu taɓa tambayar inda ruwan ya fito ko inda ya nufa ba. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suke haɗuwa kudu da birnin Kano su zama Kogin Haɗeja. Daga nan sai Wudil, sai Ringim, sai Haɗeja. Shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos ya gangaro, ya ratsa ƙasar Ningi da Jama'are da Katagum. Su biyun suna gamuwa ne a wajajen Gashuwa, daga nan kuma sunan ya koma Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar ta wajen Difa, kana ya zube a Tafkin Cadi. To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, da zarar Kogin Haɗeja ya bar Wudil, ya rabu da ƙasa mai dutse ya shiga rairayi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A nan ne yake rarrabuwa rassa-rassa, kamar su Kafin Hausa da Marma da Burum Gana, ya bazu a cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Wannan bazuwa da wasu injiniyoyi suka daɗe suna kira ɓarnar ruwa, ita ce abincin mutane fiye da miliyan ɗaya.

Ga yadda abin yake tun kaka da kakanni. Idan damina ta yi nisa, kogi ya kawo, ruwa ya malale fadama, sai a yi shinkafa. Kifi ya biyo ruwan ya yi ƙwai a cikin ciyayi, masunta su sami na kaiwa kasuwa. Ruwa ya fara ja da baya, manomi ya bi danshi da wake da masara da kayan lambu. An girbe, Bafulatani ya shigo da shanunsa su ci harawa da sabuwar ciyawa su bar wa gona taki. Ruwan da ya nutse cikin rairayi kuwa shi ne ke ɗaga rijiyoyin garuruwan da ke nesa da bakin kogi, waɗanda mazaunansu ma ba su san daga kogin suke sha ba. Watau fili ɗaya, amfani huɗu ko biyar a shekara, ba tare da gwamnati ta kashe ko sisin kwabo ba. Wane shiri ne na ofis ya taɓa yin haka?

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. An gina ta ne ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2, shi kuwa kubik mita ɗaya lita 1,000 ke nan, watau durom biyar. Kada wani ya ce na zo cin mutuncin marigayi. Ko kusa. Mutumin da ya ga farin 1972 zuwa 1973 da idonsa, ya ga dabbobi suna faɗuwa, ya ce lalle sai an tanadi ruwa, ba za a kira shi marar hangen nesa ba. Daga Tiga ne ake shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, kuma ruwan da matatar Tamburawa ke tura wa birnin Kano yana da nasaba da ita. Duk wanda ya ci shinkafar Kura ko tumatirin Kadawa ya ci albarkacin Tiga. Amma akwai abin da ake mantawa. Ran da aka gina Tiga, Haɗeja da Ringim da Gumel da Kazaure duk Jihar Kano ce. Idan mutumin Guri ko Kirikasamma ya yi kuka, Gwamnansa ne mai madatsar, ko ba kome akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, aka yanke Yobe daga Barno. An raba motoci, an raba ma'aikata, an raba kujeru da tebura har da bashi. Ruwa fa? Ba wanda ya zauna ya ce ga rabon wannan, ga rabon wancan. Shekara guda bayan haka, a 1992, sai ga madatsa ta biyu an gama a kan Kogin Calawa a ƙasar Ƙaraye. Da wannan, manyan rassa biyu da suke haifar da Kogin Haɗeja duk suka shiga ƙarƙashin makulli, makullan kuma duka biyu suna cikin jiha ɗaya.

Me ya biyo baya? Masu auna fadamun Haɗeja da Nguru sun nuna cewa a ƙarshen shekarun 1960 ruwa kan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara, amma a shekarun 1980 da farkon 1990 sau da yawa ba ya kai 1,000. Na san abin da za a ce mini, za a ce ai fari ne, an manta da 1983 da 1984? Ba a manta ba. Fari ya yi nasa, ba mai musu. Sai dai fari baƙo ne, yakan zo ya tafi, madatsa kuwa 'yar gida ce. Kuma a shekarar fari ne ma rashin rabo ya fi ciwo, domin ɗan abin da ya sauka sai tafki ya fara cika cikinsa kafin na gangare ya ga ɗigo.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba ƙarancin ruwan ba ne, a'a, yadda aka birkita masa lokaci. A da kogin nan yakan kawo da ƙarfi da damina, ya share hanyarsa, ya kwashe yashi da shara, da rani kuma ya ƙafe ƙaf, rana ta ƙone duk wata ciyawar da ta tsiro a cikinsa. Yanzu kuwa an hana shi babban kawowar da yake yi, an kuma hana shi ƙafewa, domin ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk rani saboda gonakin noman rani da famfunan birni. Ruwa marar zurfi wanda ba ya gudu ba ya ƙafewa, ai shimfiɗa ce aka yi wa kacala. Wanda bai taɓa ganin kacala ba ya je tsakanin Haɗeja da Nguru ya sha kallo. Ciyawa ce mai tsawon da ya fi mutum, ta cinye gonakin shinkafa, ta toshe hanyar kwalekwale, ta hana jefa taru, ta zama gidan sauro da masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Da ta haɗu da yashi ta toshe wasu rassan kogin, sai ruwan ya karkata ya tattaru a reshen Marma ya nufi Nguru. Sakamakon haka shi ne wani ƙauye yana cikin ruwa shekara da shekaru, gonarsa ta zama tafki, maƙwabcinsa kuwa da ke kan reshen da ya toshe yana kallon busasshen kwari. Ɗaya na kukan yawa, ɗaya na kukan rashi, kuma duk hannu ɗaya ne ya jawo musu. Ruwan Haɗeja da a da yake isa Gashuwa ya ragu ƙwarai, har ya zamana yawancin abin da Komadugu Yobe ke samu daga Jama'are yake zuwa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Sa'an nan ga ambaliya. A 2001 ruwa ya ci garuruwa a Kano da Jigawa. A watan Satumba na 2010 ya sake yin ɓarna mai yawa, har Gwamnatin Jigawa ta fito fili ta ce sakin ruwan Tiga da Calawa ne ya jawo, hukumar da ke kula da madatsun kuma ta ce sam, ruwan sama ne ya yi yawa madatsun suka cika suka tumbatsa. To, wa ya yi gaskiya? Abin kunyar shi ne har a iya yin irin wannan musu. Da akwai ma'auni a bakin kowace madatsa da kan iyakar kowace jiha, wanda ake karantawa kullum a sanar da jama'a, da musun bai kai ko'ina ba, lissafi ne zai raba gardama. Amma mutumin gangare ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In ruwa ya yi kaɗan shi ne mai ƙishi, in ya yi yawa shi ne mai kwana a firamare.

Yanzu bari mu leƙa doka, domin a nan ne dabarar take. Tsarin Mulkin 1999, a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, abu na 64, ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Tarayya. Kafin wannan ma akwai Dokar Soja mai lamba 101 ta 1993, wadda ta danƙa wa Gwamnatin Tarayya iko da duk wani kogi da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, ta kuma bar wa talaka damar ɗiban na sha da na dabbobi da kamun kifi. Tun 1976 kuma aka kafa hukumomin raya koguna, cikinsu har da ta Haɗeja da Jama'are mai hedkwata a Kano, wadda madatsun nan biyu suke hannunta. Saboda haka idan ka tuhumi Kano, sai ta ce ai ba ni ke riƙe da makulli ba, Tarayya ce. Idan ka tuhumi Tarayya, sai ta nuna maka doka ta ce ai ruwan na kowa ne. Na kowa ne, amma nawa ne na Jigawa? Nawa ne na Yobe? A wane wata za a sake shi? Dokar ba ta faɗa ba. Ta faɗi mai iko, ba ta faɗi rabo ba. Uba ne ya ce gonar gado tana hannuna, ya ƙi rabawa, alhali kuwa ɗa ɗaya ne ke kwana kusa da rumbu.

Har ila yau akwai wani karkataccen tsari. Hukumar da ke riƙe da madatsun ita ce kuma mai manyan gonakin noman rani na Kadawa da na kwarin Haɗeja wajen Auyo. Watau mai rabon ruwa shi ma mai sha ne. Ko waliyyi ne aka ba wannan aiki, gonarsa zai fara shayarwa. Ƙarshen kogin kuma, can wajen Barno, yana ƙarƙashin wata hukumar ce dabam, ta raya yankin Tafkin Cadi da ke Maiduguri. Kogi ɗaya, kansa a wani ofis, wutsiyarsa a wani. Ƙasar fadamar kuwa, bisa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, tana hannun Gwamnan jiha. To, ina amfanin Gwamna ya mallaki fadama, in ruwan da ya mai da ita fadama yana hannun wani?

Ba za a ce ba a taɓa yunƙurawa ba. A 2006 Gwamnonin jihohi shida, Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun yi taro a Damaturu, suka amince da wani shiri na kula da kogin baki ɗaya, suka kafa asusun haɗin gwiwa, daga baya kuma aka tsara daftarin yarjejeniyar ruwa. An yi aikin yashe wasu rassa, jama'ar ƙauyuka ma sun yi ta fitowa aikin gayya suna saran kacala da adda. Madalla da wannan. Amma yau shekara nawa ke nan? Ina manomin Gashuwa da zai iya gaya maka, a watan kaza ruwa kaza ne haƙƙinmu, in bai zo ba ga kotun da za mu? Ita kuwa Majalisar Tarayya, da aka kawo mata sabon ƙudurin dokar ruwa, sai aka mai da shi abin faɗan Kudu da Arewa, wasu suka ce dabara ce ta ƙwace bakin koguna a ba makiyaya. Ya faɗi a 2018, aka sake tayar da shi a 2020 ya sake tuntuɓe, a 2023 Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi. Duk tsawon wannan hayaniya ban ji an tsaya a kan abin da ya dami mai taru a Nguru ba. Ana faɗa a kan wa zai riƙe wuƙa, ba a ko kalli yadda za a yanka naman ba.

Wannan ya kawo mu Kafin Zaki. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka fara batun gina babbar madatsa a kan Kogin Jama'are a ƙasar Ningi ta Jihar Bauci. An fara, an tsaya, an sake tayarwa a zamanin Babangida, an sake tsayawa, kuma har yau duk lokacin da zaɓe ya matso sai an tono maganar. Wadda aka zana ɗin ta fi Tiga girma. Mutanen Bauci suna cewa, kuma ba ƙarya suka yi ba, Kano ta tare nata ta yi arzikin shinkafa, don me mu za a ce mu bar namu ya wuce muna kallo? Shugabannin Yobe da Barno kuma suka ce in aka tare Jama'are, to an yanka musu maƙogwaro. Ni dai ina tare da na gangare a wannan, kuma ba don na ƙi Bauci ba. Na riga na faɗa cewa ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam da Damasak yanzu galibinsa na Jama'are ne, domin shi kaɗai ne babban reshen da bai shiga makulli ba. Wanda ya ga abin da Tiga da Calawa suka yi wa reshe ɗaya, sa'an nan ya ce a yi wa ɗayan haka ba tare da rubutaccen rabo ba, ai ya ga rami da rana tsaka ya ce a rufe ido a taka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kuma zaluncin da aka yi wa Haɗeja ba ya zama hujjar a yi wa Yobe irinsa. In Bauci na son madatsa, to ta fara sa hannu a kan adadin da za ta riƙa saki da watan da za ta sake shi, kafin a aza tubali ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani ɗan'uwa mai karatun tattalin arziki zai ce, kai malam, ka cika son zuciya, ai noman zamani na kanal ya fi noman fadama riba, gara a ba shi ruwan. To, an yi wannan lissafin, kuma ba Bahaɗeje ne ya yi shi ba balle a ce ya yi son kai. Wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa sun yi nazarin fadamun nan a shekarun 1990. Suka haɗa abin da ake samu na noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da gonakin Kogin Kano ke bayarwa a kan kowane ma'aunin ruwa. Abin da suka samu shi ne ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba, kuma ribar da za a samu in aka faɗaɗa manyan gonakin sama ba za ta rufe asarar da za a yi a ƙasa ba. Dalili a fili yake. Tafki mai faɗi a ƙasa mai zafi irin tamu rana na shan kaso mai yawa daga cikinsa, kanal na yoyo, gina shi da gyaransa kuɗi ne. Bambancin kawai shi ne, buhun shinkafar Kura ana ganinsa a bakin titin Zariya an jera, Minista na iya tsayawa a ɗauke shi hoto. Kifin da ba a kama ba a Nguru, da rijiyar da ta ƙafe a wani ƙauyen Bade, da saniyar da aka kora kudu neman ciyawa har ta shiga gonar wani aka zub da jini, waɗannan ba sa shiga littafin kowane ofis.

Batun ruwan sha na birnin Kano kuwa, wannan ba abin musu ba ne. Birni mai miliyoyin mutane tilas ya sha, kuma ko a shari'a ko a al'ada ƙishirwar ɗan Adam ita ce gaba da kome. Amma a rubuta shi a matsayin rabo na farko, a faɗi adadinsa, a kuma toshe fasassun bututun da ke zubar da shi a kwata. Mutumin Gaidam ma ɗan Adam ne, shi ma yana jin ƙishi.

Abin mamaki, mu ne fa muka fi kowa iya kuka in aka yi mana irin wannan. A 2012 da 2022, da Binuwai da Neja suka yi ambaliya, kowa ya nuna madatsar Lagdo ta Kamaru da yatsa, ana cewa don me ba su sanar da mu da wuri ba, alhali mu ma ba mu gina ta Dasin Hausa a Adamawa da aka daɗe ana magana ba. Mun san zafin zama a gangare in Kamaru ce a sama. A 1990 kuma Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, cikinsu har da ƙarshen Komadugu Yobe, inda manoman tattasai na Difa suke dogara da shi. Ikon Allah! Mun iya zama da wata ƙasa mu rubuta adalci a takarda, amma Kano da Dutse da Damaturu, da mota ke haɗa su a yini ɗaya, sun kasa fitar da lissafin da zai ɗaure kowa. Kuma ta yaya za mu cika wa Nijar alkawari a kan ruwan da mu kanmu ba mu san rabon Yobe a cikinsa ba?

Kada kuma a ce wannan tunanin Turawa ne. Malamanmu na fiƙihu da ke wannan jami'a sun fi ni sani, a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kan wasu rafukan Madina, inda aka ba na sama damar ya tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan kuma ya sake wa na ƙasa. Ku duba hikimar da ke ciki. Ba a hana na sama sha ba, an ma ba shi farko. Amma an sa masa iyaka, iyakar kuma aba ce da kowa zai iya gani da idonsa ya auna. Jihohin nan da suke rige-rigen kiran kansu masu bin shari'a, ina idon sawun Tiga? Ina na Calawa?

Waɗansu ƙasashe masu tsarin tarayya irin namu sun sha wannan rigima, ba su kuma warware ta da taron Gwamnoni da shan shayi ba. A Indiya akwai doka tun 1956 ta kafa kotuna na musamman domin rigimar ruwa tsakanin jihohi. Jihohin Karnataka da Tamil Nadu sun yi shekaru suna ja-in-ja a kan Kogin Kaberi, har da tarzoma da asarar rayuka. An kafa kotun a 1990, ta yanke hukunci a 2007, Kotun Ƙoli ta gyara shi a 2018, ta ce jihar sama ta riƙa sakar wa ta ƙasa kimanin kubik mita biliyan 5 a shekara, a rarrabe wata-wata, ana aunawa a wani wuri sananne a kan iyakarsu. Har yanzu sukan yi faɗa a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, amma faɗa ne a kan lamba, kuma akwai alƙali. A Amurka jihohi bakwai suka raba Kogin Kolorado a 1922, sai dai sun yi lissafin ne da shekarun da ruwa ya yi yawa, suka raba abin da kogin ba shi da shi, jikokinsu na nan suna biyan bashin. Darasin da ke nan gare mu shi ne kada a yi rabo da ma'aunin shekarar albarka kaɗai. A rubuta na shekarar yalwa, a rubuta na shekarar fari, domin in an yi rashi kowa ya ɗanɗana daidai gwargwado.

Saboda haka abin da nake kira a yi ba wani abin al'ajabi ba ne. Majalisun jihohin nan shida da Majalisar Tarayya su mai da yarjejeniyar ruwan nan doka, da lambobi a cikinta, yadda za a san abin da tilas ya wuce Wudil, da abin da tilas ya wuce Haɗeja, da abin da tilas ya isa Gashuwa da Gaidam a kowane wata. A cikin lissafin a ware babban saki guda na damina, a kan lokacin da manomin shinkafa da masunci suka sani tun da wuri, wanda zai malale fadama ya share rassa kamar yadda kogin yake yi a da, a kuma bar wasu rassan su ƙafe da rani domin kacala ta ji rana. Masana sun daɗe da ba da wannan shawara, ba ni na ƙago ta ba. A raba mai riƙe makulli da mai gona, kada hukuma ɗaya ta zama alƙali kuma mai ƙara. A kujerun da za a yanke shawarar saki kuma a zaunar da Sarkin Ruwa da Arɗo da shugaban manoman fadama, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wane injiniya ne zai musa?

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, da ku nake. Na lura duk lokacin da irin wannan magana ta taso a ɗakin kwana ko a ƙungiyoyinmu na jiha-jiha, kowa sai ya duba takardar shaidar ƙaramar hukumarsa kafin ya buɗe baki. Bakano ya kare Tiga, Babauce ya kare Kafin Zaki, na Yobe ya yi ta huci shi kaɗai. Jihohin nan fa da muke rantsuwa da su, babbarsu a 1967 aka haife ta, Jigawa da Yobe kuwa da yawa daga malamanmu sun girme su. Gobe ana iya sake yanka wata, wanda yake sama yau ya wayi gari a gangare, kamar yadda ya faru ga Sakkwato ran da aka yanke Zamfara a 1996 madatsar Bakolori ta koma can. Muna da sashen nazarin ƙasa, muna da na shari'a, muna da na aikin injiniya, ga mu kuma masu Hausa da za mu iya mai da lissafinsu harshen da mai taru zai fahimta. Me zai hana a kowace shekara ɗalibai su nemi alƙaluman sakin ruwa na Tiga da Calawa a hukumance, tunda tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga ofisoshin gwamnati, mu fassara su, mu buga a wannan mujalla, mu aika wa gidajen rediyon Kano da Dutse da Damaturu su karanta? In an ba mu, jama'a sun sami abin riƙewa. In an hana mu, sai mu buga wasiƙar da muka aika da ranar da muka aika ta.